Daga Kalgo Zuwa Gwandu Ta Kan Kasuwar Jega

In aka tambayi yaron makaranta a ƙasar Gwandu abin da ya sani na tarihin ƙasarsu, in mai ƙoƙari ne zai ambaci Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ya ambaci yaƙin Alwasa, watakila ma ya jero sunayen sarakuna bi da bi. Wannan duka daidai ne. Amma in aka ce ya faɗi inda rigunan da sarakunan nan suka sa suka fito, ko wanda ya kawo gishirin da aka zuba a miyar mayaƙa, ko hanyar da goron da aka raba ran sunan kakansa ya biyo, sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Littattafan da ke hannunsa sun cika da labarin takobi da na alƙalami, labarin kasuwa kuwa ɗan kaɗan ne a ciki, alhali kuwa kasuwa ita ta ciyar da mai takobi da mai alƙalami duka.

Saboda haka muka ga ya kyautu mu zaga da masu karatu, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofisoshin hukuma, garuruwa uku na Jihar Kebbi, watau Kalgo da Jega da Gwandu. Tafiyar yini guda ce a mota. Nufinmu shi ne mu nuna yadda babbar kasuwar wannan ƙasa ta samu, da abin da ya raya ta, da abin da ya rage mata ƙarfi, sa'an nan mu faɗi aikin da ya rataya a wuyan duk wanda Allah Ya ba shi sanin karatu da rubutu.

Yadda ƙasar ta ke

Wanda ya ke so ya gane dalilin da ya sa kasuwa ta zauna a wuri kaza, sai ya fara duban ruwa. Gulabe biyu ne suka rungumi wannan yanki. Na ɗaya shi ne Gulbin Kabi, wanda ya gangaro daga wajen Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya shimfiɗa fadama mai faɗin gaske. Na biyu shi ne Gulbin Zamfara, wanda ya taso daga gabas, ya biyo ta Gummi, ya ratsa ta gindin Jega, sa'an nan ya je ya haɗu da na farko can kudu da Kalgo, suka tafi tare suka zuba cikin Kwara. A zamanin da, in damina ta yi nisa ruwa ya kawo, jiragen Sarkawa su kan hau da kaya tun daga Kwara har Jega. Da rani kuwa, in ruwa ya janye, jakuna da takarkarai su kan sami mashigi, ga ciyawa ga ruwan sha a fadama. Ke nan rani da damina garin yana da hanya.

Kalgo tana wajen mil 10 kudu da Birnin Kebbi, a bakin fadama. A nan ne hanyar mota ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Bunza da Kamba da ƙasar Dandi, ɗaya kuma ta karkata gabas ta nufi Jega. Kalgo ba ta yi sunan Jega wajen ciniki ba, amma ita da garuruwan bakin fadama irinta su ne rumbun kasuwa, domin daga nan shinkafa da kifi ke fitowa. Sarautar hakimin garin Sarkin Gobir ce, kuma babbar kujera ce a masarautar Gwandu. Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, daga Kalgo aka ɗauko shi. A zamaninmu garin ya zama mazaunin ƙaramar hukuma, kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa cikin 2013, a ƙasar Kalgo aka gina mata mazauninta, a kan hanyar Bunza.

Gwandu, gidan alƙalami

Kafin mu shiga Jega sai mun san Gwandu, don ba a gane ɗa sai an san uba. Masana sun ce sunan daga gandu ya fito, watau gonar sarki, domin tun zamanin Kanta wurin gandun sarakunan Kabi ne. Ƙaramin gari ne a cikin kwari, tuddai kewaye da shi, har shekara ta 1805. A cikin shekaran nan ne Malam Abdullahi ya ci Birnin Kebbi, Shehu Usmanu ya taso da jama'a daga Sabon Gari a ƙasar Zamfara ya sauka Gwandu, domin jama'a sun sha yunwa, ƙasar Kabi kuwa tana da abinci. Kafin shekarar ta ƙare Gobirawa da Abzinawa da Kabawa suka haɗa kai, suka yi wa jama'a ɓarna mai yawa a Alwasa, suka biyo su har Gwandu, amma Allah Ya tsare garin. Bayan wannan ne Muhammadu Bello ya gina masa ganuwa.

Cikin 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar ƙasa, ya danƙa gabas ga ɗansa Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Bayan rasuwar Shehu a 1817 Malam Abdullahi ya zauna Gwandu, a nan ya rasu cikin 1829, a nan kuma hubbarensa ya ke. Allah Ya jiƙansa. A ƙarƙashin zuriyarsa ikon Gwandu ya kai ƙasar Nufe da Ilori a kudu, ya kai Sayi da Liptako a yamma, can cikin ƙasashen da a ke kira Nijar da Burkina Faso a yau. Gaisuwar da sarakunan waɗannan wurare ke aikowa, da manzannin da ke kai da kawowa, su suka share hanyoyin da fatake suka bi.

Ya kamata a sani shugabannin jihadi ba su raina sha'anin kasuwa ba. A cikin Kitabul Farƙi, inda Shehu ya lissafa zalunce-zaluncen sarakunan da suka gabata, ya sa har da naman da a ke karɓa daga mahauta kowace ranar kasuwa, wanda a ke kira tawasa, da abin da a ke ɗiba daga kayan masu sayarwa ba da haƙƙi ba. A tsarin mulkin da suka bayyana kuma akwai muhtasibi, wanda aikinsa ne ya duba mudu da awo, ya hana algus. Sun san baƙo ba ya komawa kasuwar da aka cuce shi.

Asalin Jega

Labarin kafa Jega labari ne na sulhu bayan faɗa. Akwai wani babban almajirin Shehu, Malam Abdussalami, wanda ya zauna da jama'arsa a Gimbana, kusa da inda Jega ta ke yanzu. Rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana a ƙarshen 1803, ta kama mutane, ta biyo da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan yana cikin abubuwan da suka jawo hijira zuwa Gudu a farkon 1804. Bayan an ci nasara Abdussalami ya zauna Kware, arewa da Sakkwato, amma yana ganin rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Da Shehu ya rasu sai ya yi wa Sarkin Musulmi Bello tawaye. Aka ci Kware, aka ji masa rauni, ya rasu a Bakura a farkon 1818.

Sauran mutanensa suka tattaru a Kalambaina ta kusa da Gwandu, ba ta Sakkwato mai kamfanin siminti ba. Malam Abdullahi ya kewaye garin, Bello ya kawo masa gudunmawa, a nan ne kuma baffa da ɗa suka shirya bayan 'yar tsamar da ta shiga tsakaninsu a kan gadon Shehu. Cikin waɗanda suka tsira daga wannan fitina akwai Buhari ɗan Abdussalami. Ya kawo caffa ga Gwandu, aka karɓe shi, aka bar shi ya kafa gari kusa da tsohon mazaunin ubansa. Garin nan shi ne Jega, an kafa shi wajen 1820. Sarautar gidan Sarkin Kabi ce, ita ce kuma a ke kira Sarkin Kabin Jega har yau, mutanen asalin garin kuwa Gimbanawa.

To, jama'a, a duba wannan da kyau. Da a ce an bi zafin zuciya an ce ɗan mai tawaye ba shi da wurin zama, da Gwandu ta rasa kasuwarta. Da aka yi masa afuwa, bai cika shekaru masu yawa ba garinsa ya zama matattarar fatake, har aka riƙa lissafa shi cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya bayan Kano. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ayari da kayansa

Babban abin da ya ɗaga Jega shi ne hanyar Gwanja. Goron da Hausawa ke so a kurmin Asante ya ke fitowa, a ke kawo shi kasuwar Salaga, a arewacin ƙasar Gana ta yau. Fatake su kan taso daga Kano da Katsina da Zamfara, waɗansunsu su biyo ta Jega, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su wuce Zugu wadda a ke kira Djougou a ƙasar Benin, da Sansanin Mango da Yandi, kana su isa Salaga. Zuwa kaɗai watanni ne, zuwa da dawowa kuwa ya kan kai kusan shekara. Manyan masu wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su na ƙarshen nan kuwa babban mazauninsu Gummi ne, a kan gulbin da ya ratsa Jega.

Ayari gari ne mai tafiya. Madugu shi ne sarkinsa, shi ke shirya da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da gaisuwa, shi ke raba gardama. Jagaba na gaba yana duba hanya da zango, akwai malami mai duba ranar tashi da riƙe lissafi, akwai mata masu dafa abinci, ga 'yan alaro, ga jakuna ɗaruruwa. Suna tafiya da kanwa, da turkuɗi da rigunan Kano, da jar fata, da busasshiyar albasa, su komo da goro. Shi kuwa goro kaya ne mai son reno kamar jariri. A kan naɗe shi cikin ganyen fita, bayan 'yan kwanaki a kwance huhu a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Wanda ya yi sakaci sai ya iso gida da ƙwari maimakon riba.

In ayari ya sauka Jega, kowane falke yana da mai masaukinsa. Shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa in an sayi kayansa bashi. Dillali ya sami la'adarsa, mai masauki ya sami nasa rabo, amma jarinsu na gaskiya shi ne amana, domin in labari ya bazu a zango cewa wane ya ci kayan baƙo, to, gidansa ya mutu. Ƙwaryar goro 100 ce. Kuɗin kuwa wuri ne, a kan ƙirga shi a ƙasa biyar biyar, 20,000 su ne keso guda, kayan mutum ɗaya ƙaƙƙarfa. A Kano cikin 1851 wuri 2,500 ne ke daidai da liyari guda na azurfa. Mai karatu ya auna wahalar wanda zai biya kuɗin doki.

Ba goro kaɗai ba ne. Gishirin Foga yana zuwa daga ƙasar Dandi, tufafin Nufe da na Ilori suna hawowa daga kudu, dawaki da shanu suna gangarowa daga arewa, ga shinkafa da kifi na fadama. Akwai kuma abin da ba shi da daɗin faɗi, amma tarihi ba ya cika sai da shi. Jega tana cikin manyan kasuwannin bayi na wannan yanki. An tsai da 'yan Adam an yi cinikinsu kamar dabbobi, an raba uwa da ɗa, kuma wani kashi na arzikin garin daga nan ya fito. Dokar Turawa ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, sa'an nan cikin 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Malamin da zai koyar da tarihin kasuwa kada ya tsallake wannan babi, kada kuma ya mai da shi abin gori ga kowa.

Abin da Abdulkarimu ya gani

Cikin watan Mayu na 1853 wani Bajamushe mai suna Dokta Barth, wanda Gwamnatin Ingila ta aiko yawon ganin ƙasa, ya sauka Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. A ƙasashen nan Abdulkarimu ya ke kiran kansa. Sarki a lokacin Halilu ne ɗan Malam Abdullahi, mutum mai gudun duniya, wanda bai yarda ya gana da baƙon ba, sai ta bakin manzanni.

Barth ya ba da labarin rafin da ya ratsa tsakiyar gari, da lambunan da ke gefensa, ya yabi ayabar Gwandu da albasarta. Ya ce saƙar mutanen garin mai kyau ce ƙwarai, ko da ya ke rininsu bai kai na Kano da Nufe sheƙi ba, kuma a kan kai zanensu har Liptako. Kasuwar garin kuwa ya same ta ƙarama. Ya ambaci Jega a kan ita ce matattarar alharinin da a ke kawowa daga arewa ta hamada, wanda dukawa ke ƙawata aikin fata da shi. Wannan ya nuna mana yadda aka raba aiki tun a wancan zamani, sarauta da karatu a Gwandu, ciniki a Jega.

Wani abu kuma ya faru da ya kamata kowane ɗan Gwandu ya sani. A garin nan ne aka ara wa Barth littafin Tarihus Sudan, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Shi ya zaci Ahmadu Baba ne ya wallafa shi, daga baya aka tabbatar na Abdurrahman Assa'adi ne, mutumin Tambutu. Ta wannan kwafi ne mutanen Turai suka fara sanin tarihin daular Songhai a jere. Littafin da aka rubuta a Tambutu, ga shi a hannun malami a Gwandu. Hanyar da ta kawo gishiri da alharini ita ta kawo shi.

Abin da ya rage mata ƙarfi

Abu na farko yaƙi ne. Cikin 1849 Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabi a Argungu, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka bi shi, hanyoyin yamma suka zama abin tsoro. Har sarakunan Gwandu suka koma zama Ambursa don su tsare iyaka. An sami sauƙi da aka ƙulla amanar da a ke kira Lafiyar Toga wajen 1867, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, amma bayan 'yan shekaru faɗa ya komo. Duk ran da aka ƙone wani gari a bakin fadama, kasuwa ce ke fara jin zafin.

Na biyu, can ƙarshen hanya abubuwa suka rikice. Turawan Ingila suka ci Kumasi cikin 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya rage zuwa. Cikin 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake suka bazu waɗansu garuruwa. Sa'an nan Ingila da Faransa da Jamus suka raba ƙasashen da hanyar Gwanja ta ratsa, kowa ya kafa iyakarsa da kuɗin fitonsa. Turawa suka karɓi Gwandu cikin 1903, bayan rikicin Satiru na 1906 kuma aka mai da mazaunin sarki Birnin Kebbi, inda ya ke har yanzu, ko da ya ke sunan sarautar bai sake ba.

Na uku shi ne jirgin ƙasa. Ya isa Kano cikin 1911, ya isa Ƙauran Namoda cikin 1929, bai zo ƙasar Gwandu ba. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can a ɗora shi a jirgin ƙasa, manoman ƙasar Yarabawa kuma suka shiga shuka shi da kansu. Tafiyar da jaki ke yi cikin watanni ta zama ta 'yan kwanaki, madugai suka rasa aiki. Abin da ya ceci Jega shi ne hanyar mota, domin babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Yawuri da Kwantagora ta nan ya bi, na Birnin Kebbi kuma a nan ya same shi.

Wannan darasi bai tsufa ba. Da aka rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma sa'ad da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, 'yan kasuwan wannan yanki sun ji a jikinsu. Haka kuma duk inda 'yan bindiga suka hana manomi zuwa gona ko suka tare hanya, rumfar ɗan kasuwa ce ke zama wayam. Abin da ya kafa Jega, watau aminci da buɗaɗɗiyar hanya, shi ne dai abincinta har gobe.

Abin da mai ziyara zai gani

Wanda ya ke so ya yi wannan tafiya, muna ba shi shawara ya yi ta da sanyin hunturu, ya tashi daga Birnin Kebbi da sassafe. A Kalgo ya tsaya ya leƙa fadama, ya ga shinkafar rani da injunan ban ruwa. Noman nan ya ƙara bunƙasa tun da aka buɗe shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, ko da ya ke ambaliya, irin ta 2020, ta kan cinye wahalar shekara cikin 'yan kwanaki.

A Jega kada ya tsaya bakin titi wurin masu shaguna kaɗai. Ya shiga ciki, ya ga 'yan goro yadda su ke kwance huhu suna yayyafa ruwa kamar yadda kakanninsu suka yi a zango, ya ga 'yan hatsi da mudunsu, da 'yan kifi, da kara inda dillalan dabbobi ke ƙulla ciniki. Ya gangara bakin gulbi ya tsaya inda jirage ke tsayawa. In ya sami hali ya kai gaisuwa fada, ya roƙi a haɗa shi da dattijon da zai nuna masa tsofaffin unguwanni.

Daga nan ya bi ta Aliero, garin da albasarsa ta kai kudancin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta, wanda kuma ya yi suna wajen ɗorin karaya, ga jami'ar kimiyya da jiha ta kafa a can cikin 2006. Sa'an nan ya nufi Gwandu, ya ziyarci hubbaren Malam Abdullahi cikin ladabi da natsuwa, ya yi addu'a, ya nemi a nuna masa inda ganuwa ta bi da inda ƙofofi su ke, ya duba kwarin da Barth ya yaba. Ya komo ta Ambursa kafin magariba. Wanda ya ke da kwana biyu ya ƙara da Argungu, inda aka mai da tsohon gidan sarki gidan tarihi na Kanta cikin 1958, inda kuma bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hasan ya kai cikin 1934.

Yadda waɗansu suka yi da tasu

Ba mu kaɗai ne muka gaji tsohuwar kasuwa wadda zamani ya sauya wa hanya ba. A ƙasar Japan akwai wani gari mai suna Kurashiki. A zamanin da, a nan a ke tara shinkafar yankin, a ɗora ta a jiragen ruwa ta wata 'yar magudana da ta ratsa gari, attajirai kuma suka gina rumbuna masu farin bango a bakin ruwan. Da cinikin jirage ya mutu, mutanen garin ba su rushe rumbunan ba. Cikin 1930 wani attajirin masaƙa daga gidan Ohara ya gina gidan ajiye zane-zane a unguwar. Cikin 1975 Gwamnatin Japan ta gyara dokarta don a riƙa tsare unguwa sukutum, ba gini ɗaya ɗaya ba, cikin 1979 kuma aka sa unguwar nan a ciki. Yanzu baƙi na zuwa daga ko'ina, suna shiga jirgi a magudanar nan, tsofaffin rumbuna sun zama shaguna da gidajen tarihi, jikokin masu su suna cin abinci da labarin kakanninsu.

Amma akwai bambanci. Su gine-ginensu na katako ne da farar ƙasa da rufin tayil, su kan daɗe. Namu na jar ƙasa ne, in aka bar yaɓe damina biyar sai su zama tsibi. Saboda haka rumbun tarihin kasuwarmu yawancinsa yana cikin kawunan dattawa ne, da 'yan takardun ajami da ke cikin gafaka, da tsofaffin littattafan ofis. Abin da masana suka rubuta a kai kuwa mafi yawansa da Turanci ne, yana ajiye a jami'o'i inda yaron Kalgo ba zai gan shi ba.

Aikin da ya rage gare mu

Muna da abin koyi daga cikinmu. Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Imam Umaru na Salaga da Karaci, an haife shi a Kano cikin 1858, asalin gidansu kuwa Kabi ne. Ya bi hanyar fatake, ya zauna ƙasar Gwanja, ya rasu cikin 1934. Ya zauna ya rubuta da ajami yadda Hausawa ke noma da saƙa da rini da fatauci, abubuwan da waɗansu ke ganin ba su isa a ɓata tawada a kansu ba. Yau masanan duniya da rubutunsa su ke aiki.

Ga malaman makaranta, muna roƙo kowane ya ware yini guda a shekara ya kai ajinsa kasuwa. Kafin a tafi a nemi izinin hakimi da sarkin kasuwa, a kuma riƙe goron gaisuwa. A raba yara, kowane rukuni ya zauna da dattijo guda na sana'a guda, su tambaye shi wanda ya koya masa, da inda kayan ke fitowa a zamanin ubansa, da sunayen zango da mashigai, da ma'aunin da a ke aiki da shi kafin zuwan sule da kwabo, da abin da ya sauya da aka kawo naira cikin 1973. A rubuta da Hausa yadda ya faɗa, a sa kwanan wata da sunan gari, a ajiye kwafi a makaranta. In an sami tsohon mudu, ko wuri, ko ƙoshiyar masaƙa, a roƙa a ajiye.

Ga ma'aikatan ofis kuma, tun da aka soke En'e cikin 1976 akwai littattafan haraji da na kuɗin kasuwa da na shari'a da suka saura a ɗakunan ajiya, gara na ci. Kada wanda ya ƙone su don neman wuri. A kakkaɓe su, a lissafa su, a sanar da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. In kuma hukuma za ta rushe tsofaffin rumfuna ta gina na siminti, wannan abu ne mai kyau, amma kafin a kawo katafila a ɗauki hoto, a zana taswirar inda kowace sana'a ta ke zaune, a rubuta sunan kowane layi.

Aikin nan ba ya bukatar kuɗi masu yawa, littafin rubutu ne da alƙalami da haƙurin sauraro. Abin da ya ke bukata shi ne hanzari, domin dattawan da suka ji labarin ayari daga bakin waɗanda suka bi shi sun yi ƙaranci ƙwarai, kowace shekara kuma raguwa su ke yi. Duk malamin da ya tattara wani abu, muna so ya aiko wa wannan jarida don sauran jama'a su amfana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, malamansu da fatakensu, Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.